Kaset ɗin da Ya Kori Dakta Manasseh

A shekarar 1998 Dokas Tobias tana koyar da 'yan aji biyar a wata firamare a Lau, kuma ita ma kanta ɗaliba ce. Wata jami'a da ke can nesa ta buɗe reshe a Jalingo, a wani tsohon gini a unguwar Barade, saboda ma'aikata irinta waɗanda ba za su iya barin aiki da iyali su tafi neman digiri ba. Senta ake kiran wurin. Ba a zaman aji sai an yi hutun makarantu. Sauran watanni kuwa malami yana Jalingo, ɗalibi yana garinsa, abin da ke haɗa su ambulan ne da ake ba direbobin tasha.

Yawancin malaman takardu suke aikowa, an buga da tafireta an gurza, wani shafin ma ba ya karantuwa. Dakta Manasseh ne kaɗai ya fita daban. Shi ke koyar da ƙididdiga, darasin lissafin da kowa ke tsoro, kuma a kaset yake aiko da laccarsa. Ba ya zuba magana kamar mai wa'azi. Zai yi bayani kaɗan da Turanci, ya sake shi da Hausa, ya kawo misali da buhunan shinkafa ko kwaryar doya a kasuwa, sai ya ce, "Tsayar da rakodarka. Ɗauki biro. Kada ka kunna ni sai ka yi." Dokas kan tsayar ɗin kuwa, ta yi, ta kunna, ta ji yana cewa, "Idan ka samu abu kaza, ga inda ka kauce." Sau da yawa kamar yana leƙen littafinta.

Bayan kowane aikin gida akwai kaset na biyu, wanda ɗalibai suka sa wa suna kaset ɗin gyara. A nan yake amsa tambayar kowa, kuma a nan harshensa yake fitowa. Yana kiran mutum da sunansa da na garinsu, ya karanta kurensa, ya yi masa tatas. Dokas ta sha yin dariya idan ya kama wani. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa layi zai zo kanta ba.

Ran da ya zo kuwa, ba ita ta fara ji ba. Maliki direba, mai Pijo wagon da ke zirga-zirga tsakanin Jalingo da Lau, shi aka ba ambulan ɗin. A hanya rediyon motar ya cinye kaset ɗin waƙarsa, fasinjoji suka dame shi da ƙorafin shiru, sai ya ga bakin ambulan a buɗe, ya zaro abin da ke ciki ya tura. Motar cike take da matan kasuwa masu komawa gida. Turancin ya wuce su. Amma da Dakta ya zo kan Dokas, da Hausa ya yi, tiryan-tiryan.

"Akwai wata Dokas Tobias daga Lau," in ji muryar. "Na ba ku makin yara, babu yaron da ya wuce saba'in. Na ce a fitar mini da matsakaici. Wannan baiwar Allah ta samo ɗari da biyu. Ɗari da biyu! Kuma an ce malama ce, an ba ta 'ya'yan mutane. Madam, kogi na kusa da ke. Ki ɗauki tire ki je ki sayar da kifi. Amma ki tafi da yaro mai ba da canji."

Kafin rana ta faɗi maganar ta zaga kasuwa. Da Dokas ta je tasha karɓar saƙonta, Maliki ya miƙo ambulan yana ƙunshe dariya.

"Madam, kai ne wannan Dokas da ya faɗa? Kai, wannan malami bai da kyau fa!"

Ba ta gane ba sai da ta isa gida ta kunna. Ta saurara a tsaye, da jakarta a kafaɗa. Bayan zagin, Dakta ya ɗauki lokaci yana nuna inda ta kauce: ta raba jimla da adadin da ba shi ba, kuma ya ce duk wanda ya fitar da matsakaici ya fara tambayar kansa ko amsar tana tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma. Wannan ɓangaren bai shiga kunnenta ba a ranar. Kifin kawai take ji.

Ran Lahadi a coci wata mata ta tambaye ta nawa take sayar da ragon ruwa. Ran Litinin ta shiga aji ta tarar an zana kifi a allo, da ɗankwali a kansa. Wani uba ya zo wurin hedimasta yana neman a mayar da ɗansa ɗaya ajin. Dokas ta yi shekara da shekaru tana gina sunanta a garin nan, yaran da ta koyar wasu har sun zama ma'aikata, sai ga mutumin da bai taɓa ganin fuskarta ba ya rushe shi daga cikin ɗakinsa.

Mijinta Tobias manomin shinkafa ne, ba mai son hayaniya ba. Ya ce, "Mama Paul, bar shi. Maganar kasuwa ba ya kwana biyu. Gobe za su kama wani."

"Sunanka ne fa ya kira tare da nawa."

"To, sunana bai karye ba. Ki ci jarrabawa kawai, shi ne amsa."

Ta dube shi, ta ga ba zai gane ba. Ran Asabar ta shiga motar farko.

Ofishin Dakta Manasseh ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan senta. Ya liƙa kwalin ƙwai a bango saboda ƙarar babura, kasusuwan rakoda jere a kan katako kowanne da suna, ga rakoda mai baki biyu a kan tebur. Ta ɗauka za ta ga ƙaton mutum. Sai ta ga ɗan siriri, mai furfura a gefen kai, da rigar da wuyanta ya soma cinyewa. Bai ɗago ba da ta yi sallama.

"Dakta, ni ce Dokas Tobias."

"Ɗari da biyu," ya ce, yana ci gaba da rubutu. "Kin gyara?"

"Ba gyara ya kawo ni ba. Ka san an kunna kaset ɗinka a motar haya? Ka san yara suna zana mini kifi a allo?"

Sai a lokacin ya ajiye biro. "Ni na kunna?"

"Kai ka faɗa."

"Na faɗa wa ɗalibaina. Idan kuna barin saƙonku a hannun direbobi baki buɗe, wannan tsakaninku ne da su." Ya jingina da kujera. "Madam, ɗalibaina sun warwatsu daga Lau har kan dutsen Mambila. Ba na ganin idon kowa. Ban san wanda ke gyangyaɗi ba, ban san wanda ya kunna ni ya tafi wanka ba. Idan na ce wasu sun yi kure, kowa zai ce da maƙwabcinsa nake. Idan na kira suna, kowa zai zauna daidai."

"Kira sunana ka gyara mini, ban hana ka ba. Tire da kifi na mene ne? Shi ma lissafi ne?"

"Za ki sake yin wannan kuren?"

"A'a."

"To, ya yi aiki."

Ta ce, "Na haifi 'ya'ya, Dakta. Ina da surukai. Ba yarinya ba ce ni. Abu ɗaya nake so. A kaset na gaba ka ce ka yi kuskure da ka faɗi haka."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ni na samo ɗari da biyu? Wanda ya yi kuskure shi ke ba da haƙuri. Ga ƙofa nan, ki ja ta da kyau, ina ɗaukar murya."

Ta fito ba ta ja ƙofar ba. Da kaset na gaba ya iso, ta karɓe shi a rufe, don yanzu da gam ake liƙe ambulan. Amma sauran ɗalibai duk sun samu nasu. A tsakiyar gyara ya ce, "Wata ta biya kuɗin mota ta zo har ofishina neman haƙuri. Da ta sayi batir da kuɗin ta saurari darasi, da ya fi mata." Bai kira suna ba. Bai buƙaci kira ba.

Ƙawarta a karatun ita ce Zulai, malama a wata makaranta a Barade, 'yar gidan masu ɗinki da kakanninsu suka zo daga Zariya. A gidansu Dokas take sauka idan an zo zaman hutu, gado ɗaya suke kwana. Zulai ta ce mata, "Wallahi ya ci mutuncinki, ban musa ba. Ni ma ya taɓa cewa ƙwaƙwalwata keken ɗinki ce babu zare. Amma ki haɗiye. Saura zango ɗaya mu rabu da shi."

"Ke ba a kunna naki a mota ba."

Wanda ya saurare ta da kunne biyu shi ne Malam Jibrilla, shugaban senta. Ya ba ta kujera, ya aika aka kawo mata lemo, yana girgiza kai yana salati. Ba ta san cewa shi da Dakta sun daɗe ba sa ga maciji ba. Malam Jibrilla ya yi fafutuka har aka ba senta kwamfuta guda, aka ja mata layin waya, yana son a riƙa karɓo darasi kai tsaye daga manyan malaman uwar jami'a ta hanyar da ake kira imel. Dakta kuwa ya taɓa cewa a gaban ma'aikata wai akwatin da aka lulluɓe da zane kamar amarya ba zai koyar da ko akuya ba.

"Madam Dokas," in ji Malam Jibrilla, "wata mai zuwa Farfesa zai zo duba mu. Za a tara ɗalibai. Idan aka ce mai magana ya yi, ni dai ba zan hana kowa ba. Kaset ɗin yana hannunki ai?"

Yana hannunta.

Ranar taron zauren ya cika har taga. Farfesan dattijo ne mai sanyin murya, ya zauna a tsakiya, Malam Jibrilla a damansa, malamai a jere, Dakta Manasseh a can ƙarshe yana duba takardu kamar taron bai shafe shi ba. Aka yi ƙorafin benci, aka yi na makewayi. Sai Dokas ta miƙe da rakodarta a hannu. Zulai ta ja mata zane, ta fizge.

"Ranka ya daɗe, ni ba zan yi magana ba. Malaminmu zai yi."

Ta ɗora rakodar a kan tebur ta danna. Ta riga ta juya kaset ɗin daidai wurin. Muryar ta cika zauren, ɗari da biyu, kogi, tire, yaro mai ba da canji. Wasu a baya suka fashe da dariya, suka ga fuskar Farfesa, suka haɗiye. Ta kashe kafin a kai ga bayanin gyaran.

Farfesa ya juya. "Dakta, muryarka ce?"

"Tawa ce. A bar kaset ɗin ya ci gaba mana. A ji abin da ya biyo baya."

"Na ji abin da ya ishe ni."

"Ba ka ji komai ba, ranka ya daɗe." Dakta ya miƙe tsaye. "Kafin na karɓi darasin nan, rabin aji ke faɗuwa. A tambayi waɗannan, wa ke amsa musu tambaya a duk sentar nan in ba ni ba? Ku faɗa mana! Kun zama kurame?"

Kowa ya sunkuyar da kai, har Zulai. Mutanen da ya yi shekara yana yi wa tsirara a kunnen juna ba su tashi kare shi ba, ba su kuma tashi tare da Dokas ba.

Farfesa ya ce a hankali, "Ka ba wannan baiwar Allah haƙuri, a wuce wurin."

"Ba zan ba ta ba."

Ya tattara takardunsa ya fita. Da ya zo wucewa ta gabanta ya tsaya, ya ce yadda ita kaɗai za ta ji, "Kin iya yanka kaset. Da haka kika iya raba lamba, da ba mu zo nan ba."

Kafin a koma zango aka karɓe darasin daga hannunsa. Shi kuma ya ce idan babu ƙididdiga babu shi, ya kwashe kasusuwansa da kwalayen ƙwansa ya bar senta. Dokas ta koma Lau da kai a sama. Har Maliki direba ya ce mata, "Madam, an ce ka kayar da shi. Useko, sannu da aiki!" Ta ji daɗi. Ba za ta yi wa kanta ƙarya ba, ta ji daɗi ƙwarai.

Malam Jibrilla ya yaye zanen kwamfuta. Aka sanar cewa wani babban malami a uwar jami'a zai riƙa turo darasi ta waya, a buga a firinta, a yi fotokwafi a raba. Mai tambaya ya rubuto, sakatariya ta tura, amsa ta dawo kafin a ce kwabo. Ranar farko har tafi aka yi da takarda ta fito daga injin da ɗuminta.

Daga nan aka shiga uku. Idan akwai wuta, layin waya ya mutu. Idan layi ya dawo, wuta ta ɗauke, janareta kuma babu mai. Ran da duka biyun suka haɗu, injin ya yi ta kuka kamar an taka wutsiyar mage, ya yanke a tsakiyar saƙo. Abin da ya samu fitowa ma bai yi amfani ba. Alamomin lissafin ba sa zuwa daidai, inda ya kamata a ga alama sai a ga ɗan akwati ko alamar tambaya. Malamin can bai san Lau ba, bai san doya ba, bai san ko su waye ke karanta shi ba. Shafi bayan shafi yake juyewa daga littafi. Dokas ta aika tambaya. Bayan makonni amsa ta dawo layi ɗaya: a duba babi na bakwai. Ba kowa ke da littafin ba.

Da aka taru zaman hutu kafin jarrabawa, ta isa gidan su Zulai da jakarta kamar kullum. Zulai ta tare ta a zaure.

"Ɗakin yana da baƙi."

"Baƙi kuma? Su wa?"

"Baƙi dai." Zulai ta harɗe hannu. "Dokas, kin san idan na faɗi wannan darasin sai na sake shekara? Kin san yadda na yi da Baban Bilkisu kafin ya bar ni na shiga karatun nan? Ya ce shekara huɗu, ko kwana ba zai ƙara mini ba. Ke an taɓa ki, sai kika ƙone mana rumbu gaba ɗaya don ki kashe ɓera."

"Lokacin da ya ce ku yi magana, me ya hana ki? Bakinki a ɗinke yake?"

"Ni ban kai ƙararsa ba."

"Ba ki kuma tsaya masa ba. Yanzu ne kika san yana da amfani?"

Zulai ta juya ta shige, ta saki labule. Dokas ta kwana a gidan wata 'yar cocinsu. A senta ma haka ta tarar. Idan ta zauna a benci, sai a matsa. Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ce da ƙarfi, wai a tambayi mai kifi ko tana da maganin akwatuna da alamar tambaya. Ta je wurin Malam Jibrilla, ya ce yana da mitin, lemo ma babu.

Ta yi ta juya abin a ranta. A ƙarshe ta tambayi gidan Dakta, aka kwatanta mata a Nukkai, ta hau ɗan acaɓa.

Ta same shi a bayan gida da singileti yana zuba wa kaji dusa. Matarsa Alisabatu ta kawo mata ruwa, ta ji sunanta, ta ajiye kofin a ƙasa maimakon ta miƙa mata, ta koma ciki.

"Dakta, ba haƙuri na zo ba ka ba," in ji Dokas. "Abin da ka yi mini bai dace ba, har gobe."

"To me kika zo yi? Ƙwai kike so?"

"Jarrabawa ta matso. Mutane za su faɗi. Ba su suka kai ka ƙara ba, ni ce. Ka ɗauki kaset ko biyu ne, bita kawai. Zan raba da kaina, ba sai senta ta sani ba."

Ya karkaɗe hannunsa. "Ba su kai ni ƙara ba. Gaskiya ne. Na tsaya a gabansu na ce su buɗe baki, suka zuba mini ido kamar shanu a mashaya. Ke aƙalla kina da zuciya. Su fa?" Ya ɗauki bokiti. "Kuna da kwamfuta. Ku tambaye ta. Ita ba ta zagi."

"Kai malami ne. Ba ka jin komai?"

"A da ne nake malami. Kin manta wa ya sauke ni?"

"Bakinka ya sauke ka. An ce ka faɗi kalma ɗaya, ka zaɓi kaji."

Ya dube ta, jijiyar wuyansa ta tashi. Ta ɗauka zai watsa mata ruwan bokitin. Sai ya nuna ƙofa da haɓa. "Fita mini daga gida, Madam."

Ta fita. A bakin titi ta tsaya, sai ta tuna cewa muryar mutumin ba a gidansa kaɗai take ba. Waɗanda suka yi darasin bara suna da kasusuwan zango na biyu, idan ba su ɗauki waƙa a kai ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a ofisoshi da makarantu da wani asibiti. Wasu suka ce sun ɓata. Wasu suka ce ita ce ta kori Dakta, ba za su ba ta ba. Ta samu abin da ta samu, da giɓi a tsakiya. Ta liƙa sanarwa a senta cewa za a saurara a wani ajin firamare da yamma, kowa ya zo.

Kaɗan suka zo, Zulai ba ta cikinsu. Suka zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebur, Dokas na riƙe da maɓallin rakoda. Ta zauna tana sauraron mutumin da ya kore ta daga gidansa yana cewa a tsayar, tana tsayarwa, yana cewa a kunna, tana kunnawa. A tsakani yana zagin mutanen bara, sunaye da garuruwa, kuma yanzu ba wanda ke dariya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tana ganewa. Duk abin da takardun kwamfuta suka dagula, shi yana warware shi da buhu biyar na shinkafa.

Sakamako ya fito bayan damina. Fiye da rabin aji sun faɗi. Dokas ta tsallake da kyar, da mafi ƙanƙantar makin da ake wucewa da shi. Zulai ta faɗi. Malam Jibrilla ya ce laifin layin waya ne, baɗi za a gyara. Dakta Manasseh kuwa aka ce ya sayar da kajin ya samu aiki a wata jiha, ya kwashe iyalinsa. Dokas ba ta sake ganinsa ba.

Wata Asabar tana tsakar gida tana tsince shinkafa, sai ta ji sallama. Zulai ce, da mayafinta da jakar leda, ƙafafunta duk jar ƙasar hanya. Ba ta taɓa zuwa Lau ba. Dokas ta miƙe, ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a gindin mangwaro, ta kawo kunu a kwano.

"Ba sha na zo yi ba," in ji Zulai. Ta zazzage jakar, takardun kwamfuta suka zubo da littafin rubutu. "Baban Bilkisu ya ba ni shekara ɗaya, da sharaɗin idan na sake faɗuwa na ajiye. Ke kika kore mana malami. To, sai ki hau kujerarsa."

"Ni da na wuce da kyar?"

"Kin wuce dai. Ni ban wuce ba."

Dokas ta dubi takardun. Akwai maganganu cike da bakinta, na zaure da labule da baƙin ƙarya. Ta haɗiye su, ta zauna a gefen tabarma, ta jawo takardun.

"Daga ina kika daina ganewa?"

"Daga farko."

Haka suka yi ta yi duk Asabar har zangon ya ƙare. Zulai ta zo da motar safe, ta koma da ta yamma, ba ta cin komai a gidan sai ruwan da ta zo da shi a gora. Ba sa hira. Idan Zulai ta yi kure, Dokas ta sa yatsa a wurin ta ce, "Sake." Wani lokacin kuren kan yi muni har wata magana mai kaifi ta zo wa Dokas bakin harshe, ta cije leɓe. Zulai kan lura, ta ce, "Faɗi mana. Na ga tana cin ki." Dokas ta ce, "Sake dai."

Zulai ta ci jarrabawar a shekara ta biyu. Ba ta zo ta faɗa ba. Maliki direba ne ya tsaya a ƙofar makaranta ya miƙo wa Dokas ƙullin leda, ya ce wata mata a Barade ta ce a kawo. Riga ce da zane na atamfa, an ɗinka daidai jikinta, babu takarda a ciki, babu gaisuwa. Tobias ya ce ta shiga mota ta je ta yi godiya, a gyara zumunci. Dokas ta ninke kayan ta sa a akwati.

"Ta san hanyar Lau," ta ce.